Darasi: Gilakoma, Cutar da Ake Nema Tun Ba Ta Nuna Kanta Ba

Yawancin cututtukan da muka sani su ke kora mutum asibiti da kansu. Zazzaɓin cizon sauro yakan kwantar da mai shi, ciwon haƙori yakan hana barci, yanar ido ma takan sa gani ya yi hazo har mutum ya san da matsala. Shi ya sa muka tashi da ɗaukar cewa wanda ba ya jin ciwo lafiyarsa lau. Wannan darasi a kan wata cuta yake wadda wannan ma'auni ba ya kama ta, wato gilakoma, wadda mutane da yawa ke kira hawan jinin ido. Abin da nake son tabbatar muku shi ne, duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata ya kai idonsa a duba tun yana gani garau, in kuwa an same shi da cutar, ya riƙe magani iyakar rayuwarsa ko da bai ga ganinsa ya ƙaru ba. Maganar tana da nauyi, domin tana neman magidanci ya kashe kuɗi da lokaci a kan abin da bai dame shi ba. Don haka ba za a karɓe ta haka kawai ba, sai da hujja.

A sashen gaba na ido akwai wani ruwa garai-garai, wanda ba hawaye ba ne. Ido ne ke samar da shi dare da rana a bayan baƙin ido, ya zagayo gaba yana ciyar da sassan da jini ba ya kaiwa, sannan ya fice ta wata siririyar magudana da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da farinsa. Muddin abin da ke shigowa daidai yake da abin da ke fita, matsin da ke cikin ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. Idan magudanar ta fara cushewa, ruwa ya taru, matsi ya hau, wadda ke shan wahala ita ce jijiyar da ke bayan ido mai kai saƙon gani ƙwaƙwalwa. Jijiyar nan ta ƙunshi zarurruka fiye da miliyan ɗaya, kuma duk zaren da ya mutu ya tafi ke nan, babu magani ko tiyatar da ke ta da shi. Zarurrukan da ke fara mutuwa galibi na ganin gefe ne. Ganin tsakiya, wanda da shi ake karatu, ake gane fuska, ake ƙirga kuɗi, shi ne na ƙarshe da ke tafiya. Ƙari a kan haka, ido ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri, ƙwaƙwalwa kuma tana cike gurbin da ya ɓace, har mutum ba ya ganin wani baƙin tabo da zai tsorata shi. Ɓarnar irin ta gara ce a jikin azara: daga waje itace lafiya lau, sai ranar da rufi ya sunkuyo a gane an daɗe da cinye cikinsa. Kafin mutum ya fara karo da ƙyaure, ko ya kasa ganin babur da ke zuwa ta gefensa, babban kaso na jijiyar ya riga ya lalace.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa, suna zaton in an auna hawan jini a dantse an ce lafiya, to ido ma ya tsira. Abubuwa biyu ne daban, kowanne da na'urarsa. Har ma awon matsin idon shi kaɗai ba ya wadatarwa. Binciken da aka yi a birnin Baltimore na Amurka, wanda aka wallafa a 1991, ya nuna kusan rabin waɗanda aka samu da cutar matsin idonsu bai haura 21 ba a awon farko. Wasu jijiyarsu ba ta jure ko matsin da ake ɗauka daidai ne, wasu kuma nasu matsin ya hau amma jijiyar ba ta taɓu ba tukuna. Saboda haka dole sai an leƙa cikin ido an ga kan jijiyar, sannan a gwada faɗin ganin mutum da na'urar da ke walƙa ɗigon haske nan da can yana danna maɓalli duk lokacin da ya gani.

Babbar hujjarmu a gida take. Tsakanin 2005 da 2007 an gudanar da binciken makanta na ƙasa baki ɗaya a Najeriya, aka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An gano kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, gilakoma na biye mata da kusan kashi 17 cikin 100. Bambancinsu kuwa babba ne: wanda yana ta makantar da shi ana yi masa aiki ya wayi gari yana gani, wanda gilakoma ta makantar sai haƙuri. Da Dokta Fatima Kyari da abokan aikinta suka tantance alkaluman binciken a kan gilakoma kaɗai, a rahoton da suka fitar a 2015, sun samu kashi 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna ɗauke da ita, wato mutum ɗaya cikin kowane 20. Ɗaya cikin kowane biyar na masu cutar ya riga ya makance. Adadin da ya fi tayar da hankali shi ne na ƙarshe: waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. Ma'ana, a cikin masu gilakoma 100, fiye da 90 suna harkokinsu, suna noma, suna kasuwa, suna tuƙi, ba su da labarin abin da ke cin idonsu. Wannan adadi kaɗai ya isa ya rushe maganar mai cewa ai ni ina gani lafiya, domin mafi yawan mutanen nan abin da za su faɗa ke nan da an tambaye su.

Ba kowa ne haɗarinsa ɗaya ba. Cutar ta fi yawa, ta fi saurin farawa, ta kuma fi tsanani ga baƙar fata. A Baltimore an samu ta ninka sau huɗu zuwa biyar ga baƙaƙe idan aka gwada da Turawa maƙwabtansu, a tsibirin Barbados kuma kusan kashi 7 cikin 100 na baƙar fata masu shekara 40 zuwa 84 aka samu da ita. Sai gado, wanda shi ne ya fi ƙarfi. Wani bincike a Rotterdam ta ƙasar Holan ya ƙiyasta cewa ɗa ko ɗan'uwan mai gilakoma na jini haɗarinsa na kamuwa a tsawon rayuwa ya kai kashi 22 cikin 100, alhali na sauran mutane bai wuce kashi 2 da 'yan kai ba. Akwai kuma haɗarin da mu muke jawo wa kanmu. Binciken Najeriya ya nuna cewa a cikin waɗanda wani dalili na daban ya haddasa musu cutar, kan gaba shi ne aikin masu ture yana a gargajiyance, waɗanda ke soka abu mai tsini su tura yanar cikin ido, sai rauni na biye. Haka nan magungunan ɗigawa masu sinadarin sitiroyid, irin su dexamethasone da betamethasone, da ake saya a kemis saboda ƙaiƙayi ko jan ido. Suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa uwa takan yi ta ɗiga wa yaro wata da watanni, ba ta san suna iya ɗaga matsin ido har su kashe jijiyar yaro ɗan makaranta ba.

Wani mai ilimi zai iya cewa, ai masana lafiyar al'umma da kansu ba su goyi bayan a tara jama'a duka a yi musu gwajin gilakoma ba. Gaskiya ne, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne: babu gwaji guda mai arha da ke raba mai cutar da marar ita ba tare da kuskure mai yawa ba, likitocin ido kuma sun yi kaɗan, mafi yawansu a manyan birane suke. In aka cika asibiti da masu lafiya da aka tsorata, marasa lafiya na gaske za su rasa layi. Amma abin da wannan hujja ta kore shi ne gangamin auna kowa da kowa. Ba ta kore cewa wanda haɗarinsa ya fi na saura ya kai kansa ba, kuma duk wanda ke karanta wannan darasi da ya haura 40 yana cikinsu, balle in akwai makaho a gidansu. Akwai ma wata dama da ke zuwa da kanta. A daidai waɗannan shekaru ne ƙananan rubutu ke fara gagarar ido, mutum ya fara nesanta waya ko Alƙur'ani daga fuskarsa kafin ya karanta. Abin da aka saba shi ne a tsaya wurin mai tallar tabarau a kasuwa, a gwada wannan a gwada wancan, a ɗauki wanda ya dace. Tabaran zai gyara karatu, amma mai talla ba zai leƙa jijiya ba. Da wannan buƙata ta farko asibitin ido aka kai ta, da an fito da tabarau da kuma labarin halin da jijiya ke ciki a tafiya ɗaya. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa, duk suna wannan gwaji, kuma ba ya ciwo.

Ƙorafin da ya fi kowanne yawa daga bakin waɗanda aka riga aka gano suna da cutar yake fitowa: na yi wata uku ina ɗiga magani, ban ga canji ba. Mai wannan magana bai yi ƙarya ba, sai dai tun farko ba a fahimtar da shi aikin maganin ba, kuma a ganina laifin ma'aikatan lafiya a nan ya fi na majinyaci. Maganin gilakoma ba ya dawo da abin da ya tafi, tsare abin da ya rage yake yi. Nasararsa ita ce a shekara biyar mutum yana nan yadda yake, wannan kuwa nasara ce da ido ba ya gani sai an gwada da wanda bai yi magani ba. An kuwa yi wannan gwaji. A Suwidin an raba sababbin masu cutar 255 gida biyu, aka rage wa kashi ɗaya matsin ido, aka bar ɗaya ana sa musu ido kawai. A sakamakon da aka fitar a 2002, cutar ta ci gaba ga kashi 62 cikin 100 na waɗanda aka bari, ga masu magani kuwa kashi 45 ne, kuma ci gaban nasu ya zo a makare. Duk maki ɗaya da matsi ya sauka ya rage haɗarin da kusan kashi 10 cikin 100. A Amurka ma, a 2002 ɗin dai, an nuna cewa cikin masu matsi mai yawa da jijiyarsu ba ta taɓu ba, kashi 9.5 na marasa magani sun kamu cikin shekara biyar, masu magani kuwa kashi 4.4. Alkaluman nan ba su ce magani na tsare kowa ba, kuma bai kamata a yi wa majinyaci wannan alkawari ba. Abin da suka ce shi ne yana rage gudun cutar, ga dattijo kuwa rage gudu kan isa ya gama rayuwarsa yana gani.

Magungunan da aka fi bayarwa biyu ne. Timolol, wanda ya shigo a 1978, yana rage yawan ruwan da ido ke samarwa, ya fi arha, amma yana da haɗari ga mai asma da mai raunin bugun zuciya, don haka wajibi ne a gaya wa likita. Latanoprost, na 1996, yana ƙara fitar ruwan, sau ɗaya ake ɗiga shi da dare. Ɗigo ɗaya ya isa, na biyu asara ne, zubewa yake yi a kumatu. Bayan ɗigawa a rufe ido, a danne kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa na minti ɗaya ko biyu, don maganin ya zauna a ido kada ya gangara maƙogwaro. Wannan dabara tana da amfani ga mai azumi, domin ɗanɗanon maganin a maƙoshi shi ke sa wasu ajiye kwalbar har a yi salla. Hukuncin na malamai ne, a tambaye su, amma sau da yawa ba a ma kai ga buƙatar fatawa: mai ɗigawa sau ɗaya da dare ba abin da ya shafe shi, mai sau biyu kuma likita zai iya mayar masa da su lokacin sahur da bayan shan ruwa. Wata guda ba magani ba ƙaramin giɓi ba ne ga jijiyar da ta riga ta yi rauni.

Sai tsoron tiyata, wanda ya yi katutu a ƙasar nan. Nazarin da aka yi a asibitin koyarwa na Bauci ya nuna yawancin majinyata suna zuwa ne cutar ta yi nisa, kuma ƙalilan ne ƙwarai cikin waɗanda aka ba shawarar aiki ke dawowa a yi musu. Kowa yana da labarin wane da aka yi wa aikin ido ya makance. Ya kamata a dubi yadda irin wannan labari ke samuwa. Mutum ya zo saura ƙiris ganinsa ya ƙare, aka yi aiki don ceto ƙiris ɗin, bai samu ba, ko ya samu amma shi da danginsa sun sa ran zai fito yana gani kamar maƙwabcinsu da aka cire wa yana. Sai a ɗora wa wuƙa laifin da na jinkiri ne, labarin ya bazu, na gaba ya ƙara jinkiri. Ba ina cewa aikin ba shi da haɗari ba. Tiyatar da aka fi yi, wadda likita Cairns ya bayyana a Ingila a 1968, sabuwar ƙofa ake buɗe wa ruwan, kuma ƙofar takan toshe da tabo, musamman ga baƙar fata, shi ya sa ake haɗawa da maganin hana tabo, ake kuma nace wa majinyaci ya riƙa dawowa a makonnin farko. Tiyatar tana iya gaggauta fitowar yana. Amma ga manomin da ke nesa da birni, wanda ba shi da tabbacin samun kwalbar magani kowane wata har shekara 20, aiki guda da ya yi kyau yakan fi masa tsaro. Akwai kuma hanya ta uku, wato hasken leza da ake haska wa magudanar cikin 'yan mintoci, ba yanka ba kwanciya. A Birtaniya, wani binciken 2019 ya nuna kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka fara musu da leza ba su buƙaci ɗigawa ba har shekara uku. A Moshi ta Tanzaniya, inda yanayi ya fi kama da namu, an gwada leza da timolol, sakamakon 2021 ya nuna bayan shekara ɗaya leza ya yi nasara a kashi 61 cikin 100 na idanu, timolol a kashi 31. Matsalar ita ce na'urar ba ta wadata a asibitocinmu ba, tasirinta kuma yana raguwa, sai an sake.

Maganar kuɗi kuwa ba ni da amsar da za ta share ta. Magani na kowane wata, da kuɗin mota zuwa birni, da ranar aiki da aka rasa, nauyi ne na gaske, kuma wanda ya daina saboda babu bai cancanci zargi ba. Hakkin hukuma ne ta sa magungunan nan cikin inshorar lafiya, ta kai na'urar leza manyan asibitocin jihohi, ta horar da ma'aikatan jinya su iya leƙa jijiya a matakin ƙaramar hukuma. Kafin a kai can, majinyaci ya faɗa wa likita ƙarfin aljihunsa ba tare da kunya ba, domin a zaɓa masa abin da zai iya ɗorewa a kai. Iyali kuma su yi lissafin ɗaya ɓangaren: in mai gida ya makance sana'a ta tsaya, sau da yawa har a cire yaro daga makaranta ya zama ɗan jagora. Masu cewa makanta ƙaddara ce ba su faɗi abin musu ba, amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa neman magani ya saɓa wa tawakkali ba. Abin da ya kamata a guje shi ne zuba wa ido ruwan ganye, ko ruwan suga, ko nonon uwa. Babu ɗayansu da ke sauke matsi, wasu ma gyambo suke jawowa.

Duk bayanin da ya gabata a kan nau'in da ya fi yawa ne, mai tafiya a ɓoye. Akwai biyu da ke zuwa da alama, kuma ba sa jira. Na farko, magudana ta rufe farat ɗaya: ido ya yi ja, ya yi tauri, ciwo mai tsanani har rabin kai, ga tashin zuciya da amai, mutum yana ganin zobe mai launi kewaye da fitila. Wannan a ranar ake zuwa asibiti, domin gani na iya tafiya cikin kwanaki kaɗan. Na biyu na jarirai ne. Jaririn da idonsa ya fi ƙima girma, yana yawan hawaye, yana gudun haske, ko gaban idon ya yi fari-fari, kada a tsaya yaba manyan idanunsa, a kai shi likitan ido, don aiki yake buƙata da wuri.

Kafin zama na gaba, kowannenku ya tambayi manyan gidansu: a cikin iyaye, kakanni, baffanni da gwaggwanni, wa ya rasa ganinsa a hankali ba tare da an ga fari a idonsa ba? In an samu ko mutum ɗaya, ku rubuta sunayen 'ya'yansa da 'yan'uwansa na jini, ku sanar da su cewa su ne sahun farko da ya kamata a duba, kuma kada su jira sai sun cika 40. Wanda aka duba aka ce lafiya ya tambayi likita yaushe zai dawo, domin gwajin bana ba ya tsaya wa na baɗi da bayanta. Wanda kuma aka riga aka ba magani, ya zo da kwalbarsa aji mu gwada yadda ake ɗigawa.